Lokacin aikatau da Faransawa suka daina furtawa amma ba su daina rubutawa ba

Duk ɗalibin da ya yi nisa a karatun Faransanci, a Maraɗi yake ko a Garwa ko a Zariya, akwai ranar da zai ci karo da kalma irin *fût* ko *parlât* ko *vinssent* a tsakiyar wani rubutu, ya tsaya yana tunanin ko kuskuren ɗab'i ne. Idan ya tambaya, amsoshin da yake samu sukan saɓa wa juna. Wani malami zai ce masa wannan siga ce da ta daɗe da mutuwa, kada ya wahalar da kansa a kanta, wani kuma ya ce lallai ya haddace ta domin tana fitowa a shifta da nassoshin jarrabawa. Ruɗanin ya ƙaru tun shekarar 2016, sa'ad da labari ya bazu a intanet cewa Faransa ta soke 'yar hular nan da ake ɗora wa wasula, wadda ake kira *accent circonflexe*, alhali kuwa a wurare da yawa hular ce kaɗai ke bambanta wannan siga da wata. Sunan abin da ake magana a kai shi ne *imparfait du subjonctif*, kuma kowace ɗaya daga cikin maganganun nan uku tana da ƙamshin gaskiya, sai dai babu wadda ta cika.

Abin da sunan yake nufi

Nahawun Faransanci yana kallon aikatau ta fuska biyu. Akwai yanayi, wato yadda mai magana ya ɗauki aikin, sannan akwai lokaci, wato sa'ad da aikin ya auku. Yanayin da ake kira *indicatif* shi ne na abin da mai magana ya ɗauka tabbatacce ne. Shi kuwa *subjonctif* na abin da ake so ne, ko ake tsoro, ko ake shakka, ko ake ganin ya wajaba, kuma yana biyo bayan wasu mahaɗai irin su *bien que*, *pour que*, *avant que* da *sans que*. Yana da lokuta huɗu. Biyu suna nan da ransu a bakin kowa, wato *présent* da *passé*. Sauran biyun, *imparfait* da *plus-que-parfait*, su ne suka koma zaman littafi.

Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane wannan yanayi, domin yana da irinsa a harshensa. Idan aka ce "Audu ya zo," an ba da labarin abin da ya faru. Idan kuwa aka ce "Ina so Audu ya zo," to ba a ce ya zo ba, buri ne kawai aka bayyana, kuma wannan "ya" ta biyu ita ce masana nahawun Hausa suke sakawa a ƙarƙashin umartau. Inda Hausa ta rabu da Faransancin littafi shi ne, umartau ɗin Hausa ba ya sauya kama komai lokacin da aka yi burin. Ana cewa "Ina so ya zo," ana cewa "Jiya na so ya zo," ana kuma cewa "Gobe zan so ya zo," duk da siga guda. Wanda ya yi karatun nahawun Larabci ma ya san haka fi'ili mudari'i yake bayan *an*, nasabinsa ɗaya ne ko jiya aka yi nufin ko yau.

Tsohuwar ƙa'idar Faransanci ba ta yarda da wannan sauƙi ba. Ta ce idan aikatau na babban sashen jimla yana lokaci mai ci, a ce *Je veux qu'il vienne*. Idan kuwa ya koma shuɗaɗɗen lokaci, dole na biyun ya bi shi baya, a ce *Je voulais qu'il vînt*. Wannan bin sawu shi ake kira *concordance des temps*, wato daidaiton lokuta, kuma kusan duk aikin *imparfait du subjonctif* a nan ya tattaru. Yana nuna aikin da ya zo tare da na babban sashen jimla ko wanda ake jiran aukuwarsa daga baya. Idan aikin ya riga ya gabata, sai a koma ga ɗan'uwansa *plus-que-parfait*: *Je doutais qu'il vînt* na nufin na yi shakkar zai zo, *Je doutais qu'il fût venu* kuma na nufin na yi shakkar ya riga ya zo.

Sunan da kansa yana yaudarar masu koyo. Jin kalmar *imparfait* yakan sa ɗalibi ya nufi *il parlait* da *il venait* ya nemi saiwa a can, alhali babu dangantaka tsakaninsu ta fuskar gini.

Yadda ake gina shi

Saiwar tana cikin *passé simple*, shuɗaɗɗen lokacin nan na ba da labari a rubuce. Hanyar ita ce a ɗauki sigar da ke tafiya da *tu*, a cire harafin *s* na ƙarshe, sannan a liƙa ɗafa-ƙeya guda shida waɗanda ba sa canzawa ga kowane aikatau a harshen: *-sse*, *-sses*, *-t* tare da hula a kan wasalin da ya gabace shi, *-ssions*, *-ssiez*, *-ssent*. Daga *tu parlas* ana samun *parla-*, sai a ce *que je parlasse, que tu parlasses, qu'il parlât, que nous parlassions, que vous parlassiez, qu'ils parlassent*. Daga *tu finis* ana samun *que je finisse* da *qu'il finît*. Daga *tu reçus* kuma *que je reçusse* da *qu'il reçût*.

Abin lura a nan shi ne, wannan lokaci da ake yi wa kallon dodo yana cikin mafiya bin ƙa'ida a Faransanci. Duk wahalarsa aro ce daga *passé simple*. Wanda ya san cewa *naître* yana ba da *tu naquis* ba zai sha wuyar fitar da *qu'il naquît* ba, wanda kuma ya san *tu vécus* daga *vivre* ya riga ya mallaki *qu'il vécût*. Wanda bai san su ba kuwa, ko ya haddace ɗafa-ƙeyar shida babu inda zai liƙa su. Shi ya sa ma aikatau da ba su da *passé simple*, irin su *traire* na tatsar nono da *paître* na kiwo, ba su da wannan lokaci ko kaɗan.

Aikatau biyu sun fi sauran muhimmanci nesa ba kusa ba, domin su ne ake yawan gani kuma da su ake gina *plus-que-parfait*. Na farko *être*: *fusse, fusses, fût, fussions, fussiez, fussent*. Na biyu *avoir*: *eusse, eusses, eût, eussions, eussiez, eussent*. Bayansu sai ƴan kaɗan da suka cika littattafai: *fît* daga *faire*, *pût* daga *pouvoir*, *dût* daga *devoir*, *sût* daga *savoir*, *voulût* daga *vouloir*, *prît* daga *prendre*, *vît* daga *voir* da *allât* daga *aller*.

Akwai wuraren tuntuɓe kaɗan. *Venir* da *tenir* da duk ƴaƴansu suna riƙe *n* kafin ɗafin, don haka ake rubuta *que je vinsse* da *qu'il vînt* da *qu'ils tinssent*, inda a sigogi masu *ss* baƙaƙe uku suke jere, abin da ido bai saba gani ba. Aikatau masu ƙarewa da *-ger* suna riƙe *e* domin kare lafazi, a rubuta *qu'il mangeât*, masu *-cer* kuma suna ɗaukar ƙugiya a ƙasan *c*, a rubuta *qu'il commençât*. *Haïr* kuwa ya ƙi hula gaba ɗaya, saboda ɗigo biyun da ke kansa sun riga sun tare wurin, sai a rubuta *qu'il haït*. A rukuni na biyu kuwa, na su *finir* da *choisir*, biyar daga cikin sigogi shida daidai suke da na *présent du subjonctif*, ta yadda Bafaranshen da ya ce *Il fallait que nous finissions* ya cika tsohuwar ƙa'ida ba tare da ya sani ba. Siga ɗaya ce ta fita daban, *finît* a maimakon *finisse*.

Daga ina hular ta fito

Asalin wannan lokaci Latin ne, amma ba daga takwaransa na Latin ya fito ba. Abin da Latin yake kira *imparfait* na wannan yanayi, irin *cantarem*, ya ɓace a hanya. Wanda ya tsira shi ne *plus-que-parfait*, irin *cantavisset*, wanda baki ya taƙaita zuwa *cantasset*, ya zama *chantast* a tsohon Faransanci. Haka *fuisset* ya zama *fust*. Da tafiya ta yi tafiya aka daina furta *s* ɗin da ke gaban *t*, amma aka ci gaba da rubuta shi ƙarni bayan ƙarni, har zuwa 1740, shekarar da Académie française, hukumar da ke kula da harshen Faransanci, ta fitar da bugu na uku na ƙamusunta, inda ta cire wannan *s* daga kalmomi masu yawa ta maye gurbinsa da hula. Ta haka *teste* ya zama *tête*, *forest* ya zama *forêt*, *fust* kuma ya zama *fût*. Hular alama ce ta kabarin wani harafi. Sigar *il fut* ta *passé simple* kuwa daga *fuit* ta fito, babu *s* a asalinta, don haka babu dalilin sa mata hula.

A nan akwai wani kamanci da Hausa, sai dai a juye yake. "Ya zo" na labari da "ya zo" na buri iri ɗaya ake rubuta su a boko, amma kunne yana bambanta su, domin na farkon wasalinsa dogo ne da karin sama, na biyun kuma gajere ne da karin ƙasa. A Faransanci kunne ne ba ya jin komai tsakanin *fut* da *fût*, ko *vint* da *vînt*, ko *prit* da *prît*. Ido ne kaɗai yake gani.

Sauran harsunan da suka fito daga Latin ba su yar da wannan gado ba. Mutumin Italiya yana cewa *cantassi* a hirar yau da kullum, na Fotugal da Barazil suna cewa *cantasse*, na Sifen kuma yana da sigogi biyu, *cantase* da *cantara*. Wannan ya nuna cewa ba nauyin ma'anar ne ya kashe shi a Faransa ba.

Dalilan da suka fitar da shi daga baki

Dalili na farko shi ne makomar *passé simple*. A hankali Faransawa suka daina amfani da shi a magana, suka koma ga *passé composé*, suna cewa *il est venu* a maimakon *il vint*. Da saiwar ta bar baki, reshen da ya tsiro daga gare ta bai daɗe ba ya bi ta.

Dalili na biyu na kunne ne. Ɗafin *-asse* ya yi karo da wani ɗafi mai sauti iri ɗaya da Faransanci yake amfani da shi wajen raini, kamar a *paperasse*, tarkacen takardu, ko *fadasse*, abu lami marar armashi. Sigogi irin *que nous marchassions* suna da tsawo da nauyi, wasu kuma sun yi daidai da kalmomin da ba su da alaƙa da su: *pusse* ana furta shi kamar *puce*, wato ƙuma, *fisse* kamar *fils*, wato ɗa, *susse* kuma kamar wata siga ta aikatau mai ma'anar tsotsa, abin da ya mai da shi kayan barkwancin da ba na gaban manya ba. Siga ta mutum na uku tilo ce kaɗai ta tsira daga wannan, domin gajera ce kuma ba ta da *ss*. Shi ya sa ita ce ta fi daɗewa a alƙalamin marubuta, kuma har yau marubucin da zai rubuta *qu'il parlât* ba tare da ɗar ba yakan sake gina jimlarsa domin ya kauce wa *que vous parlassiez*.

Hukuma ta biyo bayan jama'a ne, ba ita ta ja gaba ba. A ranar 26 ga Fabrairu 1901 ministan ilimi Georges Leygues ya sa hannu a wata doka ta sassauci ga masu jarrabawa, wadda a ciki aka yarda ɗalibi ya yi amfani da *présent du subjonctif* bayan aikatau na sharaɗi, wato ya rubuta *Il faudrait qu'il parte* ba tare da an ci shi tara ba. A ranar 28 ga Disamba 1976 wani ministan, René Haby, ya fitar da sabuwar doka da ta faɗaɗa sassaucin har zuwa bayan shuɗaɗɗen lokaci, ta yadda *Je voulais qu'il parte* ta zama karɓaɓɓiya a takardar jarrabawa. Ya kamata a lura da iyakar waɗannan dokoki. Ba su soke tsohuwar siga ba, ba su ce kuskure ce ba, umarni ne kawai ga masu gyaran takarda da kada su rage maki. Kuma dokokin Faransa ne, ba su ɗaure ma'aikatar ilimi ta wata ƙasa ba.

Gyaran 1990 da hayaniyar 2016

A ranar 6 ga Disamba 1990 aka buga wasu gyare-gyaren ƙa'idojin rubutu a jaridar gwamnatin Faransa, bayan aikin wata majalisar harshe da aka kafa a zamanin firaminista Michel Rocard, kuma Académie française ta amince da su. Daga cikinsu akwai barin hula a kan *i* da *u* ga wanda ya so, ta yadda za a iya rubuta *cout* a maimakon *coût*, da *maitresse* a maimakon *maîtresse*. Ba a taɓa hular *a* da *e* da *o* ba. Shekaru suka shuɗe mutane ƙalilan ne suka damu da batun, sai a watan Fabrairu 2016, da aka ji cewa masu buga littattafan firamare za su bi sabon tsarin daga sabuwar shekarar karatu, shafukan sada zumunta suka ɗauki zafi da taken *JeSuisCirconflexe*, aka yi ta yaɗa cewa an kashe hula.

Abin da ya ɓace a cikin hayaniyar shi ne jerin wuraren da gyaran ya keɓe. An bar hula a kalmomin da cire ta zai haifar da ruɗu, irin su *dû*, *mûr*, *sûr* da *jeûne*. An kuma bar ta a ƙarshen aikatau, wato a *nous vîmes* da *vous fûtes* na *passé simple*, da kuma mutum na uku tilo na *imparfait* da *plus-que-parfait du subjonctif*. Aikatau ɗaya ya isa misali. A sabon tsari ana iya rubuta *paraitre* da *il parait* babu hula, amma *bien qu'il parût* tana nan da hularta, kuma cire ta kuskure ne a tsohon tsari da sabo baki ɗaya. Tsohon rubutun ma bai zama laifi ba, duka biyun halal ne.

Masu kare shi da masu ganin ya gama aiki

Masu kare wannan lokaci suna da hujjar da ta wuce son tsohon abu. Suna cewa akwai ma'anar da shi kaɗai yake ɗauka. Idan mutum yana so ya yi shakka a yau kan wani hali da ya ɗore a baya, wato ya mai da *il était sincère* zuwa yanayin shakka, tsohuwar siga tana ba shi *Je doute qu'il fût sincère*, inda ɗorewar halin take nan. Faransancin yau sai dai ya ce *qu'il ait été sincère*, wadda ta fi kama da abin da ya faru ya ƙare. Suna ƙarawa da cewa a labarin da aka gina kan *passé simple*, shigowar *présent du subjonctif* tana karya sautin rubutun, kamar mai babbar riga da ya ɗora hular kwano. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta karatu: adabin Faransanci daga ƙarni na 17 zuwa tsakiyar na 20 cike yake da waɗannan sigogi, don haka yaron da ba a koya masa su ba an rufe masa ƙofar ɗakin karatu. A shekarun 1990 har ƙungiya aka kafa a ƙaramin garin Monpazier da ke lardin Dordogne domin farfaɗo da *passé simple* da wannan lokaci a maganar yau da kullum, ko da yake da raha aka fi karɓar yunƙurin.

Ɗaya ɓangaren, wanda ya haɗa da masana kimiyyar harshe da yawa, yana cewa harshen bai yi asarar komai ba ta fuskar fahimta. Aikatau na babban sashen jimla ya riga ya faɗi lokaci, maimaita shi a sashe na biyu ƙari ne kawai, kuma miliyoyin mutane suna fahimtar juna kullum ba tare da shi ba, kamar yadda Hausa take yi tun asali. A ganinsu aikin da ya rage wa sigar shi ne nuna matsayi, wato bambanta wanda ya yi dogon karatu da wanda bai yi ba, kuma sa'o'in da ake kashewa wajen haddace *que nous cousissions* sun fi amfani idan aka ba da su ga abin da yaro zai rubuta a rayuwarsa.

Idan aka auna maganganun biyu za a ga ba kan abu ɗaya suke jayayya ba. Hujjar farko ta fi ƙarfi a kan karatu, ta biyu kuma a kan magana da rubutun yau da kullum. Wannan ne ya sa tsarin da ya fi yaɗuwa a koyarwa, musamman ga waɗanda Faransanci ba harshen uwa ba ne gare su, shi ne a koyar da gane sigar a ko'ina, a taƙaita koyar da gina ta ga mutum na uku.

Inda har yanzu ake cin karo da shi

Ban da littattafan adabi, akwai wasu daskararrun maganganu da suka riƙe shi, kuma ana jin su a jawaban ƴan siyasa da sharhin jaridu da bakin lauyoyi. *Fût-il* da *fût-ce* suna ɗaukar ma'anar "ko da": *Nul, fût-il ministre, n'est au-dessus de la loi*, wato babu wanda ya fi ƙarfin doka ko da minista ne. *Ne fût-ce qu'un instant* na nufin ko da na ɗan lokaci kaɗan ne. *Dussé-je* na nufin ko da zai kai ni ga kaza. A nan ma hular tana da aiki, domin *Fut-il surpris ?* babu hula tambaya ce kawai, ko ya yi mamaki.

Sai kuma amfani da *eût* da *fût* a jimlar sharaɗin da bai tabbata ba, abin da littattafan makaranta suke kira siga ta biyu ta *conditionnel passé*. *S'il eût su, il fût venu* daidai take da "da ya sani, da ya zo," kuma a Faransancin yau cewa ake yi *S'il avait su, il serait venu*. Daga nan ne *Qui l'eût cru ?* ta fito, wato wa zai yi zaton haka, da *on eût dit*, wato sai ka ce. Mai fassara zuwa Hausa yana bukatar ya rarrabe waɗannan ayyuka uku, domin siga guda tana iya zama umartau a wata jimla, ta zama "ko da" a wata, ta zama "da … da" a wata.

Abin da wannan ke nufi ga ɗalibi da malami

A yankinmu batun yana da nasa tarihi. Makarantar zamanin mulkin mallaka, musamman ta horon malamai ta William Ponty da ke Senegal, inda shugaban Nijar na farko Hamani Diori da marubuci Boubou Hama suka yi karatu, ta ɗora nauyi mai yawa kan Faransancin littafi da shifta, kuma Léopold Sédar Senghor, marubuci kuma shugaban Senegal na farko, wanda aka zaɓa ya shiga Académie française a 1983, a fannin nahawu ya sami babbar shaidarsa ta koyarwa a 1935. Rubuce-rubucen marubutan Afirka na wancan zamani, waɗanda har yau ake karantawa a manyan makarantun sakandare, da wannan salo aka yi su. A watan Maris 2025 sabon kundin tafiyar da mulki da hukumomin Nijar suka ƙaddamar ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, amma ɗalibin da ke shirin jarrabawar BEPC ko BAC yana ci gaba da fuskantar nassoshin Faransanci, haka ma takwaransa na Kamaru da na Chadi, inda Faransanci yake cikin harsunan hukuma.

A aikace, ɗalibin ba ya bukatar wannan lokaci a bakinsa. Wanda ya shiga ofis a Yamai ko a Paris ya ce *Il fallait que je vous parlasse* dariya zai jawo wa kansa, ko a ɗauka yana ba'a. A wasiƙar neman aiki da rahoton ofis ma *présent* da *passé du subjonctif* sun wadatar. A rubutun insha'i yana da zaɓi, sai dai idan ya fara da tsohon salo ya kamata ya riƙe shi har ƙarshe, kada ya sa *vînt* a sakin layi na farko ya koma *vienne* a na biyu a irin gini ɗaya. Kuskuren da ya fi yawa ma a yau ba rashin hular ba ne, yawanta ne, inda masu son rubutunsu ya yi kwarjini suke rubuta *il fût un temps* ko *ce fût un honneur*, alhali labari ne tabbatacce da ke bukatar *fut* tsirara.

A zauren shifta ne abin yake zama na maki. A ɗauka malami ya karanta jimla biyu a jere: *Quand il fut arrivé, il salua son père* da *Bien qu'il fût fatigué, il reprit la route*. Yaron da ke riƙe da alƙalami sauti ɗaya ya ji a wuraren biyu, kuma ko malamin ya maimaita sau goma ba abin da zai ƙaru. Mafitarsa ita ce ya gwada musanya a zuciyarsa. Idan ya sa *soit* a gurbin kalmar jimlar ta zauna, kamar *bien qu'il soit fatigué*, to akwai hula. Idan *est* ne ya zauna, kamar *quand il est arrivé*, babu. Hanya ta biyu ita ce ya mai da jimlar jam'i, domin a can kunne yana jin bambancin: *furent* na labari ne, *fussent* kuma na wannan lokaci, haka *eurent* da *eussent*, haka *prirent* da *prissent*. Ga aikatau na rukuni na farko akwai ƙarin harafi, *il parla* babu *t*, *qu'il parlât* da *t* da hula.

Tarkon da ya fi kama har manyan ɗalibai shi ne na *avant que* da *après que*, waɗanda suke kama da tagwaye amma ƙa'ida ta raba su. Abin da ke bayan *avant que* bai riga ya faru ba, don haka *subjonctif* yake ɗauka, a rubuta *avant qu'il eût parlé* da hula. Abin da ke bayan *après que* kuwa ya riga ya faru, don haka ƙa'ida ta ba shi *indicatif*, a rubuta *après qu'il eut parlé* babu hula. Gwajin *soit* ba ya taimako sosai a nan, domin Faransawa da yawa a yau suna cewa *après qu'il soit parti* a maganarsu har kunne ya saba da ita, alhali mai gyaran takardar da ke bin ƙa'ida *après qu'il est parti* yake jira, kuma a labarin da aka rubuta da *passé simple*, *après qu'il fut parti*.